Fashin Ruwa da Hukuncin Mai Waswasi

Duk wanda Allah Ya nufa ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada a Argungu da hantsin ranar su, sa'ad da dubban masunta suka yi sahu nesa da ruwa, kowa da homarsa a hannu da goransa a kafaɗa, ba mai ikon tsoma ko da yatsa sai an ba da izini, to, ya ga wani yanki na hikimar Kabawa wanda ya girmi bikin kansa. Bikin da duniya ta sani a 1934 aka fara shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi masa su don girmamawa, da kuma shaida cewa gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato ta kwanta. Amma tun gabanin haka Kabawa suna da gyaran ruwa, suna da fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe wurin da aka hana kamun kifi a cikinsa tsawon watanni domin kifi ya hayayyafa ya ƙosa. Abin lura shi ne, waɗanda suka ɗaura hanin su ne ke kwance shi, a rana sananniya, a bainar jama'a, da ƙarar da kowane kunne zai ji, ta yadda ba masuncin da zai koma gida yana tambayar zuciyarsa ko ruwan ya halatta ko bai halatta ba.

Na kawo wannan ne saboda wata mas'ala da ta tsaya mini a rai tun bayan annobar korona, wadda na ga alamunta a cikin danginmu a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ita ce halin mutanen da aka ce su yi hattara suka yi, sa'an nan da lokacin hattarar ya shuɗe suka kasa sakin jiki. Da na bi sawun al'amarin baya, sai na iske ƙasar nan ta daɗe da sanin annoba, ta kuma daɗe da sanin irin wannan zuciya, har malamanta sun ba mai ita suna, sun yanke masa hukunci nasa na kansa.

Kwarin Gulbin Kebbi, tun zamanin da Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a Surame cikin ƙarni na 16, hanya ce ta fatake da makiyaya da masu jiragen ruwa, kuma inda ƙafa ke yawan bi nan cuta ke bi. Agana ita ce ta fi daɗewa tana yi wa mutanenmu ɓarna. Idan ta kama mutum akan keɓe shi, sau da yawa a bukka a bayan gari, a sa wanda ya taɓa yinta ya tashi ya riƙa kai masa fura da ruwa, domin an sani tun kafin zuwan likitocin Turawa cewa ba ta kama mutum sau biyu, zanzanar fuskarsa kuwa ita ce shaidarsa. Ran da ɓawon ƙurajen ya gama zuba, sai majinyacin ya yi wanka, ya sake tufa, ya komo cikin iyali, a ci tuwo akushi ɗaya da shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Haka aka yi ta yi har zuwa gangamin lamba da aka soma a 1967, wanda ya kawar da ita daga Nijeriya a 1970, kafin a yi shelar ƙarewarta daga duniya baki ɗaya a 1980. Sanƙarau shi ma yana da lokacinsa: yakan taho da ƙurar hunturu, ya tsananta da zafin bazara, ruwan farko na sauka ya ja da baya. Ko a 1996, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa, damina ce ta zo ta raba faɗan. Babbar murar nan ta 1918 kuwa, wadda ta shigo ta Ikko a watan Satumba ta bi layin dogo da hanyoyin fatake, har aka ƙiyasta ta ɗauki rai wajen rabin miliyan a ƙasar, cikin 'yan watanni ta yi ta'asarta ta wuce. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan jarrabawa tana da ƙarshen da ido ke gani, ko a jikin majinyaci ko a sararin samaniya.

Shari'a da al'ada su ma haka suka tarbiyyantar da mu. Mai takaba ta san kwanakinta, wata huɗu da kwana goma, ranar fita kuwa 'yan'uwa su taru. Mai jego ta san arba'in. Matafiyi yana ƙasaru har ya komo gida, mai taimama yana taimama har ya sami ruwa, mai azumi yana jiran faɗuwar rana. Da wuya ka sami wani ƙunci da aka ɗora wa mutum a cikin rayuwarmu ba a nuna masa ƙofar fita ba tun ranar shigarsa.

To, amma akwai wata zuciya wadda ko an nuna mata ƙofar ba ta iya fita, kuma a nan ne tarihin ilmin ƙasar nan ya fi ba ni sha'awa. Bayan da Birnin Kebbi ya faɗa hannun mutanen jihadi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Gwandu ta zama mazaunin ilmi da hukunci na yammacin daular Sakkwato, kuma ko bayan rasuwarsa zaurukan karatu ba su mutu ba, har zuwa lokacin da gadon sarautar Gwandu ya komo Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa. A cikin waɗannan zauruka ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, mai himma ya wuce Askari da Muhtasar, kuma babin farko da yake cin karo da shi bayan tauhidi shi ne babin tsarki. Sai a duba irin ruwan da wannan ɗalibi yake gani a gabansa: ruwan fadama, wanda damina na kankama yake rinewa ja wur da laka, shanu su sha, masu dasa shinkafa su kutsa, yara su yi iyo. Da a ce an tsananta a kan irin wannan ruwa, da ba masuncin da zai yi salla da natsuwa daga Argungu har Bunza. Amma mazhabar Imamu Malik ta tafi a kan cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar najasa ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, kuma sauyin da ya samu daga makwancinsa, kamar laka da gansakuka, ba ya cutarwa. Taɓon ruwan sama da ya fallatsu a tufa a kan hanya shi ma an yi afuwa a kansa. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana tafiya tare da Amru ɗan Asi, sun iske wani tafki, Amru ya tambayi mai tafkin ko namun daji suna sha a ciki, Umar ya hana mutumin ba da amsa. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 1111, ko da yake shi Bashafi'e ne, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ya so a ce mazhabarsa ta bi ta Malik a mas'alar ruwa, saboda abin da ya gani na waswasin da tsanantawa ke haifarwa.

Ga kuma inda fahimtar malaman ta fi zurfi. Malikawa, saɓanin sauran mazhabobi, suna ganin wanda ya tabbata ya yi alwala sa'an nan ya yi shakka ko ta warware, to, ya sake ta. Wannan tsanantawa ce ƙwarai. Sai dai nan take suka ware mutum guda, suka kira shi mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini. Shi wannan, in ji su, kada ya saurari shakkarsa, kada ya sake alwala, kada ya ƙaro raka'ar da yake tababa a kanta. Ya yi ba'adi kawai bayan sallama ya tashi. Yaron da ke karatun Ahalari yana wuce wannan hukunci a babin rafkanwa yana ɗan shekara goma sha wani abu, galibi ba tare da ya san nauyin abin da ya karanta ba. Ni kaina haka na wuce shi. Sai da girma ya zo na gane cewa malaman nan sun lura da abin da ba kowa ke lura da shi ba, cewa ƙa'idar da ke gyara mutum mai lafiya ita ce ke halaka wani, kuma cewa mai waswasi duk sa'ad da ya biya wa shakkarsa bukata sai ta komo da yunwar da ta fi ta farko. Saboda haka ne aka karhanta wuce wanki uku a alwala, aka kuma riƙa tunatar da ɗalibai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda na ruwa yake alwala, wanda bai kai cikin ƙaramar buta ba.

Yanzu sai mu zo kan 2020. A tsakiyar watan Maris na wannan shekara aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi shekara goma ba a yi ba, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, jama'a ta yi dafifi kafaɗa da kafaɗa. A cikin wannan mako ɗin, ran 11 ga wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin wata ya ƙare an rufe makarantu, daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka keɓe wurin jinya a Kalgo, azumi ya zo cikin zullumi, Hajji bai yiwu ga alhazanmu ba a shekarar da wadda ta biyo ta. Rediyo ba dare ba rana yana faɗin abu huɗu: a wanke hannu da sabulu, a sa takunkumi, a ba da tazara, a bar musafaha. Umarnin daidai ne, kuma yana da asali a wurinmu, tun da Sayyidina Umar da kansa ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Gaskiyar magana dai ita ce, mafi yawan mutanenmu riƙon sakainar kashi suka yi wa abin, da kuma ambaliya ta zo a daminar ta cinye shinkafar fadama, sai hankali ya koma can ɗungurungum. Amma akwai 'yan kaɗan, galibi masu ilmin boko da sauraron labarai, masu tsari a dukan lamarinsu tun fil azal, waɗanda suka karɓi umarnin da hannu bibbiyu, suka mai da shi farilla.

Baffana yana cikinsu. Tsohon ma'aikaci ne, ya zauna a Gesse tun lokacin da unguwar ke cika da gidajen ma'aikata bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Mutum ne wanda rasit ɗin wutar lantarki na shekara ashirin yana nan a jere cikin jakarsa, kuma ba ya barci sai ya tashi ya taɓa sakatar ƙofa sau biyu. Da ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba face tsantseni. Da annoba ta zo ya ajiye bokiti mai famfo a bakin zaure, muka yaba masa. Shekara ta juyo, makarantu suka buɗe, kasuwa ta cika, alhazai suka tafi a 2022 suka komo, bokitan da ke ƙofar ofisoshi suka bushe aka kwashe, nasa yana nan. Ranar da abin ya tsorata ni wata asuba ce ta hunturu da na kwana a gidan. Na ji ƙarar ruwa tun kafin kiran farko, na fito na same shi a tsugune, buta uku a gabansa, biyu sun ƙare, yana wanke hannu da sabulu kafin alwala, ya fara alwalar, gefen hannun rigarsa ya taɓa bakin buta, ya koma farko. Bayan hannuwansa ya yi fari fat ya tsattsage, jini na tsattsafowa a gaɓoɓin yatsu. Aka ta da iƙama a masallacin unguwa muna ji, aka sallame muna ji.

Na ce, "Baffa, ai cutar nan ta wuce."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, ɗana. Wallahi na san hannun nan ba komai gare shi. Zuciyag ga ta ƙi yarda."

Wannan magana tasa ita ce ainihin ciwon, domin mai irin wannan lalura hankalinsa garau yake, ya san abin da yake yi ya wuce kima, sanin ne ba ya isa ya kwantar masa da rai. Idan ya je jam'i, a ƙarshen sahu yake tsayawa ya bar gurbi tsakaninsa da na kusa, alhali liman yana cewa a daidaita sahu a toshe kafa. Idan an miƙo masa hannu sai ya dafe ƙirji. A garin da ake auna mutunci da gaisuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: abokansa na majalisa suka ɗauka girman kai ne, wani surukinsa ya yi fushi wata da watanni, jikokinsa suka daina rugowa su faɗa jikinsa. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta fita daga matsayin lamarin gaggawa, amma wa ya ji wannan a Gesse? An rufe ruwan da ganga da shela, buɗewar kuwa ta zo a ɗiɗɗige, yau a sassauta wannan gobe a manta da wancan, ba ranar da aka tsayar aka ce jama'a ku miƙa wa juna hannu. Mai sauƙin hali ya duba maƙwabta ya bi abin da suke yi. Wanda zuciyarsa ba ta motsi sai da yaƙini ya zauna a gaɓa yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bincika wannan hali. A Ingila, Farfesa Naomi Fineberg ta Jami'ar Hertfordshire da abokan aikinta sun tambayi ɗaruruwan mutane a lokacin da aka fara sassauta dokar kulle a 2020, suka iske kusan rubu'insu suna shan wahalar komawa rayuwar da suka saba, kuma wahalar ta fi yawa ga masu alamun waswasi da masu ɗabi'ar son kamala da tsananin bin ƙa'ida. Sun haɗa da wata jarrabawa ta kwamfuta mai ban sha'awa: a nuna wa mutum siffofi, ya gano da gwaji wacce ce daidai, idan ya ƙware sai a sauya ƙa'idar ba tare da an gaya masa ba. Wani da ya yi kuskure sau ɗaya sau biyu sai ya gane an sauya, ya bi sabuwa; wani kuwa sai ya yi ta komawa kan tsohuwar ko da ana nuna masa ta daina aiki. Wannan shi ne abin da za mu iya kira ƙagewar tunani, kamar yadda gaɓa ke ƙagewa idan ta daɗe a wuri ɗaya. Cutar waswasi cikakkiya, wadda ke tilasta wa mutum maimaita wanki ko dubawa ko ƙirga har ta cinye masa sa'o'i, ana ƙiyasta tana samun wajen mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, wato ba unguwar da za a rasa mai ita.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne maganin. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya gwada sa masu wannan ciwo su taɓa abin da suke ƙyama, sa'an nan a hana su wankin da suka saba, a zauna da su har firgicin ya sauka da kansa. Wannan hanya, tare da wasu ƙwayoyi da likita ke rubutawa, ita ce har yau ginshiƙin jinyar. Wanda ya karanta hukuncin mustankihi ba zai ji baƙon abu a nan ba, domin shi ma cewa aka yi ya ji shakkar ya ƙi yi mata aiki. Tun ƙarnuka kafin Meyer, Abu Zaidi al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin waswasin zuci a matsayin ciwo mai magani, ya shawarci mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza, waɗanda su ne abubuwa biyu da kulle ya ɗora wa tsofaffi irin Baffa. Ina faɗin wannan da ƙarfi saboda na ji yadda ake yi wa irin waɗannan bayin Allah fassara: wasu su ce raunin imani ne, wasu su ce iska ce, wasu su ce boko ne ya yi masa yawa. Malaman da suka rubuta littattafan da muke karantawa ba su zarge shi ba, sassauci suka yi masa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa kuwa, akwai likitoci a Birnin Kebbi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mu dai ta hannun wani dattijon malami muka fara, abokin karatun Baffa tun suna yara, domin maganarsa ce kaɗai muka san zai ɗauka. Ya zo bayan la'asar, ya saurare shi har ya gama bai katse shi ba, sa'an nan ya sa aka ɗauko Risala daga cikin littattafan Baffan kansa, ya buɗe wurin hukuncin mustankihi, ya ce ya karanta da bakinsa. Da ya karanta, malamin ya ce, "Alhaji, kai ne wannan. Hukuncin sauran mutane ya sauka daga kanka, wannan shi ne naka, kuma bin sa shi ne ibadarka." Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, in kuma alwalar ba ta yi ba fa?" Ya ce, "Na ɗauke maka. Buta ɗaya, wanki uku, ka tashi ko zuciyarka tana kururuwa." Daga baya muka kai shi wurin likita, ya ɗora shi a kan magani, ya kuma tsara masa abin da zai riƙa taɓawa mako bayan mako, daga kuɗin cefane har zuwa hannun mutane.

Ba a rana ɗaya abin ya saki ba, har yanzu ma akwai asubar da ake jin ruwa yana zuba fiye da kima. Bokitin zaure dai an mai da shi bayan gida ana ba tumaki ruwa da shi. Ran wata Juma'a da ta wuce na bi shi masallaci, muka sami wuri a tsakiyar sahu, wani manomi da ya taho daga fadama, ƙafafunsa da sauran busasshiyar laka, ya matso har kafaɗarsa ta haɗu da ta Baffa. Na ji jikin tsohon ya ɗaure, na ga yatsunsa suna motsi a gefen riga. Bai matsa ba. Da aka sallame mutumin ya miƙo hannu, Baffa ya dube shi ɗan lokaci, ya kama, suka gaisa har da tambayar iyali da labarin ruwa, sa'an nan muka fito muka biya ta wurin mai lemo ya saya wa jikoki, ya karɓi canji ya sa a aljihu.